Gida Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Sa hannu ashirin da tara Tela ya tara, doka kuwa talatin take so.

Hukumar tsara birni ta manna takarda a bakin layi: za a rushe gidajen unguwar a kafa benaye masu hawa shida, sai fa idan masu gida talatin cikin arba'in sun ƙi a rubuce kafin azahar ta Alhamis. Masu gida aka ce. Ɗan haya ko ya shekara hamsin, hannunsa bai da amfani. Goma sun riga sun sayar wa kamfanin gini. Saura gida mai lamba goma sha bakwai, inda Tela yake da shago a gaba da ɗaki biyu a ciki, inda aka haifi 'ya'yansa duka huɗu.

Ba wanda ya taɓa ganin mai gidan. Wani wakili ne yake zuwa a babur duk farkon wata, kuma bakinsa kamar an ɗinke. Tela ya roƙe shi, ya yi masa barazana, har riga ya ce zai ɗinka masa kyauta. Wakili ya ce saƙo dai zai kai.

Ranar Laraba mutanen gida suka taru a tsakar gida, kowa na tsine wa mai gida. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Gwaggon Famfo, tsohuwar da ke ƙaramin ɗakin kusa da famfo tun kafin kowa ya tare. Masifarta sananniya ce. In ta yi ƙorafin yoyo yau, gobe sai ga kafinta. In bututu ya fashe, ita ke nuna wa mai gyara inda zai tona, ba ta taɓa kuskure ba.

"Matsoraci ne!" in ji ta. "Mutum ya ɓuya shekara ashirin kamar ɓera, don kada a daina cin abinci kwano ɗaya da shi!"

Aka yi dariya. Tela bai yi ba, domin zuciyarsa ta cika da tsoro.

Da yamma mutumin kamfanin gini ya shigo da takalmi mai ƙyalli, yana auna bango da ido. Ya ce a ba shi lambar wayar mai gida, zai biya kuɗin gidan ninki uku. Gwaggo ta watsa ruwan wanki daidai ƙafarsa.

"Ka je ka ce ba na sayarwa ba ne."

"Gwaggo, ke a wa?"

"Ni a wadda ke riƙe da bokiti na biyu."

Bai tsaya ganin na biyun ba.

Alhamis da safe Tela ya tarar da ƙofar Gwaggo a kulle, abin da bai taɓa gani ba. Bai da lokacin tambaya. Ya ɗauki takardunsa ya nufi ofishin hukuma, ya ƙudura ko ba su cika ba sai ya dire su a tebur, a san cewa unguwar ba ta mutu a kwance ba.

Akawu ya ƙirga, ya jawo wani fayil, ya sake ƙirgawa.

"Talatin cif. An dakatar da rushewa."

"Malam, ashirin da tara ne."

"Na goma sha bakwai ya shigo tun da aka buɗe ofis. An zo da takardar mallaka, an dangwala yatsa, an ce kada mu faɗi suna."

Tela ya dawo da gudu, babba da shi, yana ihu tun daga bakin layi. Mata suka fito suna guɗa. Ya kutsa tsakar gida don ya fara yi wa Gwaggo albishir, ko ta janye tsinuwar jiya.

Ya same ta tsugune a bakin famfo, sanye da mayafin unguwa, tana dirzar babban yatsanta na dama da sabulu da yashi. Shuɗin tawada ya ƙi fita.

Ta ɗago ta harare shi.

"Rufe bakinka kada ƙuda ya shiga. Kuma wallahi in ka faɗa wa kowa, sai na ƙara maka kuɗin haya."