Kai Ko Ku?

Lokacin da ake ta rage ma'aikata a 1986, Shekari ya kai ƙarar injin da ya datse yatsan abokinsa. Manajan masaƙar Kudenda ya nuna masa ƙofa.

"You, get out!"

Asabe da ke aiki kusa da Shekari ta ji abin da manajan ya ce. Ta kashe injinta, ta gyara ɗaurin zane.

"Jama'a, an kore mu! A Turanci, 'you' na nufin kai, yana kuma nufin ku."

Injuna suka yi tsit. Ma'aikata suka bi ta waje.

Manaja ya biyo su a guje yana zufa. "You, come back!"

Asabe ta dubi Shekari.

"Wuce gaba, Baban Dorcas. Ai ka ji, mu duka ya kira."