Kwalbar da Ke Hannun Auta

Nas ta ce dole Dogo ya tashi ya taka, in ba haka ba huhun da aka yi wa aiki ba zai buɗe ba. Auta, wadda aka sa musu ranar aure da shi, ita ta riƙe kwalbar da robar da aka saka masa a haƙarƙari ke tsiyaya a ciki.

"Kada ki ɗaga ta sama da ƙugunsa," nas ta ja mata kunne.

Suna tafe a baranda ya yi tari. Ruwan cikin kwalbar, ja-ja, ya yi kumfa.

Ya dafa bango, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Auta, tsokar da suka ciro, har yanzu ba a faɗi ko mece ce ba. Zan ce wa Baffa a fasa bikin."

Ta sha gabansa.

"Kalle ni ka maimaita."

Bai kalle ta ba. "Tsoro nake ji," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Ni fa? Tun da suka shiga da kai ɗakin tiyata ko ruwa ba ya wuce min."

"Shi ya sa. Ba wa nas kwalbar, ki tafi gida."

Ya juya zai wuce. Robar ta miƙe, ya cije leɓe, ya dawo da baya da sauri.

Hawaye ya zubo mata, amma ba ta saki kwalbar ba.

"Ina za ka ba tare da ni ba? Taka, Dogo. Ina gefenka."