Kamu Ɗaya a Gindin Tsamiya

Ina shekara bakwai Bature ya zo rangadi Kamarawa. Da la'asar ya zaga bakin tafki, ya zaɓi inuwar wata tsamiya, ya ce nan za a kafa tantinsa. Nan muka rufe Inna da damina, ƙaya kawai muka jibga a kai.

Baba ya durƙusa gaban tafintan Bature. "Ranka shi daɗe, wurin ga akwai kushewar uwar ɗiyata."

Tafinta bai gaya wa Bature ba. Turken tanti da guduma ya miƙo wa Baba.

Baba ya matsar da turken kamu ɗaya, kada ya sauka wajen kanta. Sannan ya buga.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Sai da na tsufa na gane kamu ɗayan nan ne iyakar ikonsa a ƙasar ubansa.