Littafi na Biyu na Ƙetaren Gulbi

Nafi'u ya kafe mashin a ƙofar gidan su abokinsa Bilyaminu, ya rataya jakar da ba komai a cikinta sai cajar waya. Daga cikin zaure ya jiyo muryar Sufyanu, sai ya dakata bai shiga ba.

Shekara uku ke nan su biyar suna haɗuwa nan Gummi duk Asabar da hantsi, suna buga Ƙetaren Gulbi. Wasa ne na baka da takarda. Kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya ya riƙa ba da labari, ƙwayoyin lido biyu su yanke wanda ya tsira da wanda ya halaka. Dokokin suna cikin wani ɗan littafi mai koren bango da aka buga a Gusau shekara goma sha biyar da suka wuce, kuma maɗaba'ar ta daɗe da rufewa. A shafin ƙarshe an rubuta cewa littafi na biyu yana nan tafe.

Nafi'u ne mai ba da labarin. Wata rana gardama ta yi zafi, bakinsa ya suɓuce ya ce ai shi yana da na biyun, ya tsufa ne shi ya sa ba ya fita da shi. Tun daga ranar, duk musun da ya taso sai ya ce haka yake a na biyu, a yi shiru. Har daga Anka ake bugo masa waya ya raba gardama. Abin ya yi masa daɗi, ya kasa komawa baya.

Asabar da ta wuce ce ya wuce gona da iri. Sufyanu tela, abokinsa tun firamare, ya yi wa labarin dariya a gaban kowa. Nafi'u ya ƙullace shi. Da jarumar Sufyanu, Zinariya 'yar masunta, ta zame cikin gulbin dodo, sai Nafi'u ya ce littafi na biyu ya yanke: duk wanda ya faɗa da ƙarfe a jikinsa ya mutu, ba jefa ƙwaya. Shekara biyu Sufyanu yana renon Zinariya, har zanenta ya manna a shagonsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ninke takardarta ya sa aljihu, ya ce, "Ka kawo littahin in gani. In babu, na bar wasan, kai ma na bar ka."

Bilyaminu kuwa, don a sasanta, sai ya gayyato goggonsa daga Bukkuyum, tsohuwar malamar makaranta wadda ta koya masa wasan tun yana ƙarami.

Nafi'u ya yi sallama ya shiga. Goggo Hamida tana kan kujera, koren littafinsu a cinyarta. Ta buɗe shafi na tara kai tsaye, ta zaro biro ta gyara wata lamba, tana tsaki a kan aikin maɗaba'a.

"Kai ne Nafi'u? Ina naka littahin?"

"Na manta shi, Goggo."

Sufyanu ya kawar da kai. Nafi'u ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"To, faɗa man dokar in ji," in ji ta.

Ya faɗa, idonsa a kan tabarma. Ta zaro wani littafi naɗe da tsohuwar jarida daga jakarta, ta kai shi dab da gilashinta, ta juya shafi biyu.

"Gaskiyarshi. Haka dokar take."

Nafi'u ya ɗago kai bai shirya ba.

"Sai dai ba ka karanta har ƙarshe ba, ɗana. In wani abokin tahiya ya jefa makaminshi cikin gulbi, dodo shina amsar fansa, ya saki wanda ya kama."

Ta rufe littafin, ta mayar jaka. Bilyaminu ya sadaukar da bakan jaruminsa maharbi, aka jefa ƙwaya, Zinariya ta fito gaɓa da rai. Zauren ya kaure da sowa. Sufyanu ya taso ya riƙe hannun Nafi'u da hannu biyu.

"Ka yafe man. Mako guda ina ce maka maƙaryaci cikin raina."

Da marinsa ya yi, da ya fi wa Nafi'u sauƙi.

Bayan azahar shi ya goya Goggo Hamida zuwa tashar motar Bukkuyum. Duk hanya kansa yana juyawa. Dokar da ya ƙirƙira cikin fushi, yaya aka yi ta dace da abin da ke rubuce? Ya so ya kira shi sa'a ya yi shiru, amma ɗumin hannun Sufyanu bai bar tafinsa ba.

Da ta sauka, ya kashe mashin ya durƙusa.

"Goggo, ƙarya nake. Ban da littahi na biyu, ban taɓa ganinshi ba. Shekara uku ina ƙirƙira."

"Wannan magana ta Sufyanu ce, shi za ka kai wa yau ɗin nan," ta ce. Ta gyara mayafinta, ta dube shi ta saman gilashi. "Ni na sani tun kan in baro gida. Ni nar rubuta na farko, kuma har yau ban rubuta na biyu ba."