Mai Tumatir a Gindin Gangare

Kai da kake cika baki wai ba ka neman kowa da komai, gyara zama. A cika baki ni ubangidanka ne, don haka ji wannan daga wanda ya san kan sana'ar.

An yi wani manomin tumatir a kan duwatsun nan na wajen Jos, inda sanyin asuba kan sa liman ya gajarta sura. Yana da tsohuwar a-kori-kura mai shan gas. Irin wannan inji ba ya tashi cikin sanyi sai an ɗumama masa ciki. Akwai wasu 'yan ƙarafa huɗu kamar ƙusoshi a kansa, makanikai na ce musu hita: ka murɗa makulli baya ka riƙe, su yi ja, sannan ka tayar. Mutumin nan shi kaɗai yake zaune a gonarsa, kuma bai taɓa rage wa kowa hanya ba. Mata da kaya a ka, tsofaffi da sanda, sai dai ya watsa musu taɓo ya wuce. Kullum a bakin gangare yake ajiye motar, don kada wata rana ya roƙi wani turi. Yakan ce gangare ne amininsa, ba ya cin tuwonsa, ba ya aron fartanyarsa. Da motar ta fara nawar tashi da safe, tana tari tana amayar da farin hayaki, bai kai ta ko'ina ba. Sai ya saki birki, aminin nasa ya tayar masa da ita.

Wata safiya cikin damina ya loda tumatirin da ya tsinka jiya, nunanne jajir, irin wanda in bai ga kasuwa yau ba sai dai juji. Ya saki birki. Mota ta gangara tana tari, tana tari, har ta isa gindin kwari ta tsaya shiru. Gangare ya ƙare. Ya yi ta murɗa makulli yana buga kik har batir ya fara nishi, ya haƙura don kada ya ƙarasa shi. To, mutumin ba jahilin mota ba ne. Yana da ɗan ƙwan fitila da guntun wayar da ba ta fi taƙi biyu ba. Ya cire ƙarfen da ya haɗa hitocin, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya daga kan batir, ƙwai ya kama a duka huɗun. Lafiyarsu lau ke nan. Saura ya gano ko wuta na isa gare su, in kuma ba ta isa, a ina take yankewa. Nan fa ake yin ta. Makullin sai an riƙe shi, kana saki ya koma. Ya murɗa ya ruga gaban mota, wuta ta riga ta ɗauke. Ya ɗaure makullin da tsumma, tsumma ya zame. Ya tokare shi da kara, kara ya karye. Ya miƙa hannu ta taga yana leƙen inji, har haƙarƙarinsa ya yi ƙara, bai kai ba. Rana kuwa ranar ko leƙowa ba ta yi ba, sai yayyafi. Can sama a kan tudu ya hango mutane suna wucewa kasuwa ɗaya-ɗaya. Ya buɗe baki zai kira wani, sai ya tarar duk cikinsu bai san sunan ko mutum ɗaya ba. Ya rufe bakin, ya zauna a kan dutse yana jin ruwan tumatir na ɗiga daga kwanduna, ɗis, ɗis, a kan taya.

Sai wajen la'asar wata tsohuwa mai itace ta biyo ta kwarin. Ya gane ta, ya sha watsa mata taɓo. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ta, ya roƙe ta ta riƙe masa makulli. Ta sauke itacenta, ta sa yatsu biyu ta riƙe. Ya bi wayar da ke kai wuta hita da ƙwan fitilar, nan ya kama, nan ya kama, nan shiru. Bakin waya ɗaya ne ya yi tsatsa, ya koma kore. Ya kankare shi da wuƙa ya ɗaure, hita suka yi zafi, inji ya tashi bugu ɗaya. Kasuwa kuwa ta daɗe da watsewa, tumatir ya zama miyar da ba mai sha.

Ya ce, "Iya, hau in kai ki gida."

Ta ce, "Bar shi, ɗan nan. Ƙafar ta riga ta saba." Ta ɗora itacenta ta yi gaba.

Ya hau tudun shi kaɗai, inji na kuka lafiya lau, kujerar gefensa wayam kamar kullum, sai dai yau ya lura da ita. Shi ya sa Bahaushe ya ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.