Zagaye Huɗu a Challawa

Takardar da aka liƙa a ƙofar masana'antar fatu ba ta da tsawo. Kamfani ya kafa kyamarori, saboda haka masu gadi biyu sun yi wa ƙofar gaba yawa. Asabar ɗin ƙarshen wata za a yi gwaji: gudu, zagaye huɗu na katangar masana'anta. Wanda ya riga isowa ya ci gaba da aiki, ɗayan a sallame shi.

Masu gadin su ne Muntari da Habibu, kuma tun kafin takardar ba sa ga-maciji.

Muntari ya shekara goma sha ɗaya a ƙofar nan, tun warin jima na hana shi cin abinci har hancinsa ya daina jin sa. Habibu kuwa bara ya zo daga wani ƙauye a Jigawa, ƙato, cinya kamar turmi, ba ya magana sai an tambaye shi. Shirun nan shi ya fi ƙona wa Muntari rai. A ganinsa tsabar raini ne.

Suka fara atisaye kullum da sassafe, kowa na yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Habibu zai fita da gudu kamar an biyo shi, ya bar Muntari a baya yana haki. Amma yana cika zagaye biyu sai ya ja ya tsaya. Ya dawo a hankali, ƙafafu a ware, yana ɗaga su ɗai-ɗai, fuska a murtuke.

Tafiyar isa ke nan, in ji Muntari a ransa. Wato yana nuna wa duniya shi ba sai ya wahala ba.

"Kai ɗan ƙauye, titin na ubanka ne da kake baje ƙafa haka?" Muntari ya daka masa tsawa wata rana.

Habibu ya shige banɗaki ya daɗe, ya fito yana ƙamshin hoda. Ƙato guda da hoda! Muntari ya tofar da yawu.

A makon ƙarshe ma Habibu daina fitowa ya yi gaba ɗaya. Ya zauna a benci ya miƙe ƙafafu yana fifita, yana kallon Muntari na zagaya katanga shi kaɗai kamar tsohon jaki. A nan tsoro ya kama Muntari sosai. Shekararsa arba'in da bakwai, 'ya'ya shida a Ɗorayi, ba sana'a, ba gona. Ya san a gudu na gaskiya ba zai taɓa kamo Habibu ba, kuma ya tsane shi saboda haka.

Ranar Alhamis ya tafi Fanshekara wurin wani mai magani da ke shimfiɗa tabarma a bayan tasha. Ya rage murya ya faɗi buƙatarsa: a kashe wa wani ƙafa na kwana ɗaya. Mutumin ya jinjina kai, ya lalubo wani ɗan gwangwani daga cikin jaka, irin wanda ya miƙa wa wani mai ciwon baya da bai daɗe da tashi ba. Muntari bai damu da wannan ba. Ya buɗe ya ga abu fari-fari, mai maiƙo, mai ɗan gafi.

"Ka shafa a cikin wandon da zai yi gudun, daidai matse-matsi," in ji mai magani. "Daga nan ƙafa take mutuwa. Ka cika hannu, kada ka yi rowa."

Ranar Juma'a, da ma'aikata suka ɗunguma masallaci, Muntari ya yi jinkiri. Gajeren wandon Habibu na rataye a ƙusa a ɗakin masu gadi. Ya juya shi, ya lafta abin har ya ɗora gwangwanin a kan taga don ya sami hannu biyu, a nan kuma ya mance shi. Ya san abin da yake yi haramun ne. Ya yi wa kansa alkawari zai tuba ranar Lahadi.

Asabar da safe manaja ya tsaya da agogo, ma'aikata suka yi layi a gindin katanga. Aka hura usur.

Zagaye na ɗaya, Habibu na gaba. Na biyu, Muntari ya zuba wa ƙafafun nan ido yana jira su lanƙwashe. Suka wuce inda suka saba tsayawa. Na uku, ko bayansa bai ƙara hangowa ba. Lokacin da ya iso ƙarshen na huɗu, ƙirji kamar zai fashe, 'yan kallo har sun fara watsewa.

Yana cikin ɗakin masu gadi yana ninke kakinsa zai mayar, sai Habibu ya shigo. Muntari ya dunƙule hannu. In dariya ya zo yi masa, yau sai an raba su.

Habibu ya durƙusa, idonsa ya kaɗa.

"Malam Muntari, ku yafe mini, na zaci ba kwa ƙaunata. Jiya na dawo ɗaukar hulata na gan ku ta taga. Wata guda cinyoyina na gogar juna har fata ta sale tana jini, hoda kuwa gumi ya mayar da ita kunu, kunya ta hana ni gaya wa kowa. Ashe ku kun lura. Na tarar da ragowar man kaɗanyar da kuka bar mini, na ƙara shafawa da safe, ko zogi ban ji ba." Ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa masa. "Wallahi ba don ku ba, wannan zan kai wa manaja yau. Tun Laraba na rubuta cewa na janye, na bar muku aikin."