Igiyar Jirgin Ɗalibai

Ina sabuwar zuwa unguwar Bronx, ban wuce shekara goma ba, Baba ya fita da ni a tasinsa. Muka kai wata budurwa mai fararen kaya bakin ruwa, ƙarƙashin gada. Nan na ga jirgin da ake koya wa ɗalibai aikin ruwa, ya fi benenmu girma. Budurwar nan ta haye shi kamar ɗakin uwarta!

Na fice daga motar da gudu. Baba ya ce, "Ke, dawo! Jirgin saman Accra ya kusa sauka filin JFK, layin tasi zai wuce ni."

Na ce, "Wallahi Baba, sai na taɓa igiyar can."

Igiyar da aka ɗaure jirgin ce, kaurinta ya kai cinyata, tana warin gishiri da man inji. Baba ya dubi agogo, ya dube ni, ya kashe mota.

"To uwata, kama da hannu biyu. Ba a taɓa irin wannan da ɗan yatsa."

Na kama. Na ji jirgin yana ja yana saki, kamar saniya tana numfashi. Na kurma ihu don murna.

Fasinjojin Accra sun wuce shi ranar. Ni kuwa sai da na haifi uku na koma aji, kuma da hannu biyu na kama karatun.